Rabin Bokiti

Tun kafin a san shi da goɗiya aka san shi da tambaya. Ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi ya yi aikinsa. Sai ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ji ta ina yake ci ta ina yake fitarwa. Shi ya sa mutanen layin suka laƙaba masa Injiniya, ko da yake bai taɓa zama a aji ba. Da farko tsokana ce. Daga baya, da ya ɗaura wa keken dokinsa tayoyin tsohuwar mota, ya yi masa birki da wayar babur, sai sunan ya zauna masa daram, har masu tsokanar suka koma kawo masa fankokinsu da suka mutu.

Aikinsa dakon bulo ne. Daga gidan bulon da ke bayan layinsu yake lodi, ya kai wa magina a lungunan da mota ba ta iya juyawa. Kafin ya samu goɗiyar, shekara tara ya yi a wannan gidan bulon yana kwaɓa siminti, har tafin hannunsa ya daina jin zafin kofin shayi. Goɗiyar kuwa Bidi ake ce mata, saboda launinta, fari da baƙi a cakuɗe kamar gemun dattijo. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Ta san kowace kwana, ta san inda kwalta ta fashe, kuma idan aka ɗora mata bulo biyar fiye da ƙa'ida sai ta tsaya cak, ta waiwayo ta zuba masa ido har sai ya sauke. 'Ya'yansa sun girma sun watse, kowa da garin da ya ɗauke shi. A gidan saura shi, da matarsa, da Bidi a 'yar rumfar kwano da ke gefen famfo.

Wata ranar Talata, a wurin wani gini, guntun rodi da aka bari a tsaye cikin yashi ya soke ta a ƙafar baya, sama da kofato kaɗan. Ramin bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Ya wanke da ruwan gishiri, ya ɗaure, ya jawo ta gida ba kaya. Kwana biyu ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi sumul tana sheƙi, ga zafi rau. Bidi ta tsaya a kan ƙafa uku, kai a ƙasa, ko dusa ba ta kallo.

Likitar dabbobin da ta zo mace ce, 'yar siririya, ba za ta girmi 'yarsa ta biyu ba. A kan babur ta zo, da akwati ɗaure a baya. Ta matse ramin, ta wanke shi da sirinji har sai da ruwan ya daina fitowa da mugunya, Bidi tana rawar jiki, Injiniya yana riƙe da kanta yana yi mata magana a kunne. Sannan ta zaro awo irin na tela ta zagaya ƙirjin goɗiyar da shi.

"Ɗinki za ki yi mata, Likita?"

"Nauyinta nake nema, Baba. Magani da nauyi yake tafiya. Idan na ba ta kaɗan, ƙwayoyin cutar dariya za su yi mana."

Ta fito da kwalabe biyu. Ɗaya maganin cikinta fari ne fat kamar madara, ɗaya kuma garau kamar ruwan famfo. Ta faɗi sunayensu, harshensa ya kasa juya su, sai ya raɗa musu nasa: Fari da Garau. Ta soka Fari a hagun wuya, ta zagaya ta soka Garau a dama. Shi kuwa ya kasa haƙuri.

"To ciwo yana ƙafa, ke kin soka a wuya. Ya ake yi ya san hanya?"

Likita ta tsaya da sirinji a hannu ta dube shi. Shekara huɗu tana wannan aiki, tambaya ɗaya ake yi mata, ita ce ko zai warke. Daɗi ya kama ta. Ta kifa bokiti ta zauna, ta ɗauki tsinke ta zana doki a ƙasa, wanda ya fi kama da akuya.

"Bai san hanya ba, Baba. Jini ne direbansa. Ka ga Farin nan naka, idan na zuba shi a tsoka zama yake yi a wurin kamar guntun sabulu a ruwa, yana narkewa kaɗan-kaɗan, jini yana ɗiba yana wucewa. Garau kuwa ba ya zama. Kafin awa ɗaya ya cika jini, ya zaga huhu, ya zaga fata, ya shiga gaɓoɓi, duk inda ruwan jiki yake. Kitse ne ba ya shiga, kuma ba ya aiki a cikin mugunya, shi ya sa ka ga na wahalar da ita da wanki."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai fita. Wasu magungunan hanta ce take fara farfasa su tukuna. Shi Garau kuwa, hanta ko kallo ba ta ishe shi ba. Yadda ya shiga haka ƙoda za ta tace shi ya bi fitsari. Kafin gobe war haka kusan babu shi a jini, sai ka ƙara wani."

"Yadda ya shiga? Da ƙarfinsa?"

"Da ƙarfinsa."

Ya jinjina kai, ya adana maganar. Ta nuna masa inda zai riƙa sokawa, da yadda zai ja sirinjin baya kaɗan ya tabbata bai shiga jijiya ba, da yadda zai riƙa canja gefe. Fari safe da yamma, Garau sau ɗaya da safe. Ta ba shi garin maganin zafi na zubawa a dusa. Ta ce za ta tafi rigakafin shanu a ƙauyuka, kwana shida, amma wayarta a buɗe take inda akwai sabis. Komai ta faɗa masa, har yadda zai jefar da allurar da ya gama da ita. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba. Ba ta ce ya ba ta ruwa ba, kuma babu mai ganin laifinta. Wa zai dubi mutumin da ya shekara goma sha ɗaya da doki ya ce masa doki yana shan ruwa?

Da yamma zazzaɓi ya sa Bidi ta shanye bokiti biyu a tsaye. Jim kaɗan ta buɗe ƙafafu ta saki fitsari. Injiniya yana zaune a kan benci yana kallo. Ya ga fitsarin ya bi 'yar magudanar simintin da shi da kansa ya yi, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya faɗa kwata. Ya daɗe yana zuba. Sai ya ji ransa ya sosu, domin ba fitsari yake gani ba, Garau yake gani, da ƙarfinsa, yana tafiya yi wa sauron kwata magani, ƙafa kuwa ga ta nan a kumbure.

Tunani ya kama shi, irin wanda ya saba kama shi. Shekara tara yana kwaɓa siminti, ya san abin da ruwa yake yi. Ka cika ruwa, bulo ya fito ragwal, ka taɓa shi ya ruguje. Ka rage, ya kama ya yi ƙarfi. To jini ma ai kwaɓi ne. Idan ruwa ya yi yawa magani ya tsinke, kuma ya samu abin hawa ya fita. Idan ruwa ya yi kaɗan magani ya yi kauri, ya rasa hanyar fita, ya zauna ya yi aikin da aka kawo shi. Ya juya maganar ta kowane gefe bai ga inda ta yoyo ba. Har mamaki ya yi da masu ilimin ba su gano ba.

Washegari, goɗiyar da take shan bokiti huɗu a rana ta samu rabi da safe, rabi da yamma.

Matarsa ce ta fara lura. Tana shanya ta ce, "Malam, ka manta da ruwan Bidi."

"Ban manta ba."

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da zana nasa dokin a ƙasa. Ta saurara da rigar wanki a hannu tana ɗiga.

"Likitar ce ta ce a yi haka?"

"Ita ta nuna min hanyar. Ni kuma na ga inda take yoyo na toshe."

"Ni dai tunda nake ban taɓa jin an yi wa marar lafiya rowar ruwa ba."

"Ke kin taɓa kwaɓa siminti?"

Ba ta taɓa ba. Ta matse rigar ta shanya.

Maƙwabcinsa mai walda, wanda katanga ɗaya ta raba su, ya leƙo da baƙin gilashinsa a goshi. "Injiniya, yanzu kuma doki ka kwance kake gyarawa? In ka gama ɗaurawa ka duba ƙasa, kada ka bar noti." Suka yi dariya tare.

Abin da ya fi komai muni a labarin nan shi ne ƙafar ta fara sacewa. Kwana biyu kumburin ya sauka daga gwiwa. Kwana uku Bidi ta dafa kofaton a ƙasa. Da ba ta sace ba, da wataƙila ya yi shakka, ya nemi Likita. Amma ta sace, kamar yadda za ta sace ko da tafki aka ba ta, shi kuwa ya ɗauka aikinsa ne. A rana ta uku ya soke rabin safe, tunda da safe ake yin Garau, ya bar mata rabin bokiti ɗaya da yamma.

Ran nan Likita ta kira, muryarta tana yankewa, shanu suna kuka a bayanta.

"Baba, ya ƙafar?"

"Ta sace, Likita. Ta fara takawa."

"Madalla! Tana cin abinci?"

"Tana taɓawa."

"To ci gaba yadda na nuna maka. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Maganar ta zo masa har bakin harshe. Ya haɗiye. Ya fi so sai ta dawo ta ga ƙafa garau, ta yi mamakin saurin warkewar, sannan ya kifa mata bokiti ta zauna, shi ma ya koya mata abu. Har ya tsara yadda zai fara.

Kada a ce ba ya ganin wahalarta. Yana gani, kuma tana cinsa. Duk lokacin da aka buɗe famfo Bidi sai ta ɗaga kai ta yi wata 'yar ƙaramar haniniya can cikin maƙogwaro, irin wadda take yi masa da asuba. Ta koma lasar bango ta gefen da danshin famfo yake ratsawa, har ta cinye fentin wurin. Ya ga haka ya cire turken ya mayar da shi ƙarshen rumfar, ya rage igiya. Yana ɗaurewa yana ce mata, "Yi haƙuri, uwata. Kwana uku ne ya rage. In kin warke, har wanka zan yi miki da shi." Shi kansa ya daina shan ruwa a tsakar gida, sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya sha a tsaye kamar ɓarawo. Rabin bokitin yamma kuwa, kafin ya gama ajiyewa ta shanye, ta bi ƙasan bokitin da harshe tana tura shi yana ƙara a kan siminti.

Fitsarin ya ragu, ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta. A rana ta biyar, tun safe har yamma magudanar a bushe take. Ya tsuguna ya shafa da hannu ya ji ƙura. Ya ji daɗi, wallahi ya ji daɗi. Ya ce a ransa yau ko ɗigo bai tsere ba.

A rana ta shida Bidi ta ƙi dusa. Ta ƙi ciyawa. Da ya kawo rabin bokitin yamma, ta sa baki, ta ɗago, ruwan yana zuba ta gefen leɓenta, ta bar sauran. Ya cika bokitin har baki ya kawo, ta kau da kai. Idanunta sun faɗa, gashinta ya tashi, numfashinta yana wani wari mai kama da na bayan gidan tasha. Ya kira Likita sau bakwai, wayar ba ta shiga.

Da hantsin rana ta bakwai ta iso, ƙurar hanya har a girarta, tana murmushi tun daga ƙofa. Ƙafar ta fara dubawa. Ta kwance bandeji, ramin ya cike, jajir, tsaf. "Kai, Baba, ka yi aiki," in ji ta. Sannan ta miƙe ta dubi sauran goɗiyar, murmushin ya ɗauke. Ta kama fatar wuya ta ja ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta ɗaga leɓe ta danna dasashi da yatsa. Ta sa abin sauraro a ciki ta daɗe.

"Yaushe rabonta da fitsari?"

"Shekaranjiya... ko kafin nan."

Ta ɗebi jini a 'yar kwalba, ta aske gefen wuya ta sa allurar ƙarin ruwa, ta ce wa mai walda, wanda ya riga ya shigo, ya lanƙwaso mata ƙugiya a rataya ledojin a jikin rumfa. Ta hau babur ta tafi da jinin.

Bayan azahar ta dawo da takarda a hannu. Ba ta shiga rumfar ba. Ta zauna a kan bencinsa ta fito da waya tana danne-danne, ta tashi ta sake zagaya ƙirjin Bidi da awon tela, ta dawo ta sake dannawa. Ta ɗauki kwalbar Garau ta ɗaga ta a rana, ta karanta jikinta, ta dubi abin da ya rage.

"Ƙodarta ta tsaya, Baba," in ji ta. "Duka biyun. Maganin nan yana iya yin haka, amma ba a wannan awon ba, ba a kwana shida ba. Na auna sau uku. Ban san inda na kuskure ba. Ko dai tana da ciwon tun da, ban duba ba. Ya kamata in ɗebi jininta tun ranar farko. Ya kamata kada in tafi." Ta goge ido da bayan hannu. "Ciwon ƙafa kawai ka kira ni a kai."

Mai walda ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Ai dama. Yaran yanzu, takarda kawai."

Injiniya yana tsaye riƙe da ragama. Ƙofa ce aka buɗe masa, kuma ya gan ta sarai. In ya yi shiru, shi ke nan: layin zai ce likita ce ta kashe, yarinyar za ta hau babur ta tafi da kayan da ba nata ba, shi kuma ya ci gaba da zama Injiniya. Matarsa tana bakin ƙofar ɗaki, kanta a ƙasa, ya san ba za ta tona shi ba ko da wuƙa a wuya. Ya dubi yarinyar nan da ta kifa bokiti ta zana masa doki don kawai ya tambaya.

"Likita. Ni na hana ta ruwa."

Ta ɗago.

"Kin ce yana bin fitsari da ƙarfinsa. Na ce to bari in tsare shi a ciki." Ya faɗa mata duka: rabi da rabi, sannan rabi kaɗai, da turken da ya matsar. Yana faɗa yana jin maganar a kunnensa, wannan maganar da ya juya ta kowane gefe bai ga aibunta ba, yau ko yaron goye ba zai saya ba.

Ya so ta yi masa ihu. Da ta zage shi da ya samu abin riƙewa. Sai ta yi magana a hankali, da muryar da ta yi masa bayanin farko.

"Fitar ita ce rabin aikin, Baba. Duk lokacin da ya bi ta ƙoda yana barin kaɗan a maƙale a jikinta. Ruwa ne yake wanke ta. Awannin nan da babu shi a jini, su ne hutunta, shi ya sa ake yinsa sau ɗaya a rana. Da ka rage ruwan, kowace allura tana zuwa ta tarar da ta jiya ba ta tafi ba. Ga garin maganin zafi a kai, shi ma ba ya shiri da ƙishirwa."

"Na zaci taimakonsa nake yi."

"Na sani." Ta naɗe awon tela a yatsunta. "Da na ce maka ka ba ta ruwa."

"Da na ce miki na hana."

Mai walda ya sauke gilashinsa daga goshi ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Akwai abin yi?" in ji Injiniya.

"Za mu cika ta da ruwa ta jijiya, in yi mata allurar da ke tayar da ƙoda. In ta yi fitsari, akwai magana. In ba ta yi ba..." Ta ɗaga kafaɗa. "Ka sa ido a ƙasa."

Haka mutumin da ya shafa busasshiyar magudana ya ji daɗi ya koma zaman gadinta. Kwana biyu yana kan benci. Leda ta ƙare ya canja wata yadda aka nuna masa, ba ƙari ba ragi, ko saurin ɗigon bai taɓa ba. Duk motsin da Bidi ta yi da ƙafar baya sai ya zabura. Sau ɗaya ta buɗe ƙafafu, ta yi nishi, ta ɗaga wutsiya, ya miƙe tsaye yana kiran sunan Allah. Abin da ya fito bai cika cokali uku ba, baƙi, mai kauri. Ruwan da ake zuba mata ya rasa hanya. Ya taru a ƙarƙashin cikinta, ya sauka ƙirji, ya cika ƙafafun huɗu, har da wadda ta warke. In ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Bokitai uku ya jera mata a gaba, cike, yana canja su in sun yi zafi. Wani lokaci takan sa baki ta bar shi a ciki, ba ta haɗiya.

Magina suka yi ta aike, ya ce a ce musu ba ya nan. Matarsa ta kawo abinci ta ɗauke yadda ta kawo. Baƙin ciki iri-iri ne, amma wanda mutum ya ƙera da hannunsa, da basirarsa, da ƙauna, ba shi da inda za a ajiye shi. Ba wanda zai kai ƙara. Ko Bidi ba ta riƙe shi ba. In ya matso sai ta jingina goshinta a ƙirjinsa yadda ta saba, wannan kuwa ya fi duka ciwo.

A safiya ta uku ta kwanta, ta kasa tashi. Numfashinta ya koma gurnani, ruwan ya kai huhu. Likita ta zo ta ɗebi jini, ba ta ma tafi da shi ba, ta dubi idon goɗiyar ta mayar da kwalbar akwati.

"Baba, wahala kawai take sha yanzu. In ka yarda."

Ya gyaɗa kai. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa, yana tsefe gezarta da yatsu. Likita ta zuƙo wani magani a babban sirinji ta tura ta inda ƙarin ruwan yake shiga. Bai tambayi ta ina wannan yake bi ba. Bidi ta ja dogon numfashi sau biyu, nauyin kanta ya ƙaru a cinyarsa.

Mai walda ne ya nemo mota da mutane. Sai da aka cire ƙyauren ƙofa kafin ta fita. Likita ta tsaya har aka gama, ta riƙe hannunsa da hannu biyu, sannan ta tafi.

Da la'asar gidan ya yi faɗi. Yana zaune a kan benci, matarsa ta shiga rumfar da tsintsiya tana tattara ledojin ƙarin ruwa da ragowar ciyawa. Ta yi shara kaɗan ta tsaya, ta ba shi baya.

"Malam, akwai maganar da ban faɗa maka ba."

Idonsa yana kan magudana.

"Rana ta huɗu, da ka fita sayo bandeji, na cika babban bahon wanki na ɗauko. Har nan na kawo shi." Ta nuna da bakin tsintsiya, taku biyu daga turken. "Ta miƙo wuya har igiyar tana shaƙe ta. Tana wannan ɗan kukan nata. Numfashinta har yana motsa ruwan. Na ce in ba ta ta sha ta ƙoshi, in wanke bahon in kife, ba za ka taɓa sani ba."

Ya ɗago kai. Muryar da ta fito ba irin tasa ba ce. "Me ya hana ki?"

"Na ce a raina, ni wace ce? Shekara talatin da huɗu ina gidan nan, ban taɓa ganin ka sa hannu a abu ya lalace ba. Na ce kada in zo da jahilcina in ɓata maka aiki." Ta share hanci da gefen mayafi. "Sai na juya na zubar a kwata. Tana kallona."

Ya so ya ce mata ba laifinta ba ne, kuma gaskiya ce, amma maganar ta ƙi fitowa. Ta jira shi kaɗan. Da ta ga ba zai ce komai ba, sai ta sunkuya ta ci gaba da shara.